FITILAR DA KE CI A CIKIN RUWA: AMSA GA MAI SAURARONMU NA GAYAM

Kamar yadda muka saba, ga mu ɗauke da amsar ɗaya daga cikin takardun da aka karanta a filinmu na rediyo, domin wanda batir ya yanke masa, ko ya makara a kasuwa, ya samu ya karanta, ya kuma karanta wa maƙwabcinsa.

Takardar wannan mako ta fito ne daga Gayam, cikin ƙaramar hukumar Birnin Gwari, daga hannun wani ɗan kasuwar hatsi. Ya ce ƙanensa ya samu aiki a wani otal a Kaduna, shi ke share tafkin wankan baƙi, watau abin da 'yan birni ke kira suwimin-ful. A jikin bangon tafkin akwai fitilu da ke ci a ƙarƙashin ruwa. Ɗaya ta fara ƙyafta ido, daga baya ta mutu, aka ce yaron ya duba ta. Malamin yana tambaya: yaya fitila ke ci a cikin ruwa ba ta kashe masu wanka ba? Me ke lalata ta, kuma yaya ake gane ciwonta? Sa'an nan me ya kamata ƙanen nasa ya kiyaye?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Kada kuma wani ya ce zancen 'yan birni ne, ya wuce shafin. Abin da ke kisa a tafkin otal shi ne ke kisa a bakin rijiya mai sumo, da bokitin da aka tsoma wa hita, da fadamar da aka ja wa waya. Doka ɗaya ce ko'ina: a kashe wuta kafin hannu ya taɓa ruwa, kuma kada a faɗa ruwa a bi wanda ruwa ya kama.

ABIN DA YA SA RUWA DA LANTARKI BA SA SHIRI

Wutar da ke zuwa gidaje a Nijeriya ƙarfinta wajen bolt 230 ne. Bolt shi ne ma'aunin ƙarfin turi, kamar yadda ruwan famfo ke da ƙarfin fita. Amma abin da ke yi wa mutum lahani shi ne yawan wutar da ta ratsa jikinsa, ita kuwa da amfa ake auna ta. In ka raba amfa ɗaya gida dubu, kowane kashi sunansa miliyamfa. Miliyamfa ɗaya tak mutum zai ji ta kamar cizon kiyashi. In ta kai 10 zuwa 20, tsoka ta kan ƙage, hannu ya kasa sakin abin da ya riƙe. Daga 50 zuwa 100 kuwa tana iya rikita bugun zuciya. Ka ga ke nan wutar da ba ta kai ta kunna ƙwan fitila na ɗaki sosai ba ta isa ta ɗauki ran ƙato.

Busasshiyar fata garkuwa ce, tana tare wuta da yawa. Da zarar ta jiƙe, garkuwar ta faɗi. Shi ya sa wayar da ta ɗan fizge ka da rani kana sanye da takalmin roba, ita ce za ta kwantar da kai da damina kana tsaye ba takalmi a cikin laka.

Har wa yau, jikin ɗan Adam akwai gishiri a cikinsa, saboda haka wuta ta fi samun sauƙin bi ta jikin mutum a kan ta bi ta ruwan daɗi, irin na rijiya da rafi da tafki. In wuta ta tsiyaya cikin irin wannan ruwa, mai wanka shi ne hanyarta mafi sauƙi. Ba lalle ta kashe shi nan take ba. Ta kan sandarar da hannuwa da ƙafafu ne kawai, ruwa ya ƙarasa aikin. Sau da yawa ba a samun ko tabon ƙuna a jikin mamacin, sai a ce ai bai iya iyo ba ne, ko kuwa mutanen ruwa ne suka ja shi.

YADDA AKA ƘERA FITILAR

Dabara uku aka haɗa. Ta farko, ba a ba fitilar wutar gida kai tsaye. Akwai ƙaramar taransifoma da ake ajiyewa a busasshen ɗaki nesa da ruwa, ita ke sauke wuta daga bolt 230 zuwa bolt 12, daidai da batirin mota. Taransifomar ta musamman ce, wadda naɗin wayarta na shiga da na fita ba sa haɗuwa.

Ta biyu, ƙwan yana cikin kwanso ne mai gilashi a gaba, da zoben roba da ke datse bakin kada ruwa ya shiga. A jikin fitilar ƙwarai za ka ga an rubuta IP68, alamar cewa an yi ta don zama cikin ruwa. Kwanson yana zaune cikin wani gurbi a bango, yawanci da noti ɗaya aka ɗaure shi, kuma an naɗe waya mai tsawo a bayansa, yadda za a iya ciro shi a ɗora a bakin tafki ba tare da an kwashe ruwan ba.

Ta uku, akwai mai gadi. Wata 'yar na'ura ce a cikin akwatin wuta, masu gyara na kiranta RCD. Aikinta lissafi: tana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo. In ta ga an samu giɓi, watau wuta ta ɓalle ta bi wata hanya, ko ta ruwa ko ta jikin mutum, sai ta datse kafin ƙiftawar ido. Wadda ta dace da kare rai an rubuta 30mA a jikinta, kuma tana da maɓallin gwaji mai harafin T. Wani malamin jami'ar Kalifoniya a Amurka, Charles Dalziel, wanda ya daɗe yana binciken yadda wuta ke yi wa jiki, shi ya ƙera irinta da ake amfani da ita a can, a shekarar 1961. Ka lura, fis da bireka na yau da kullum waya suke karewa kada ta ƙone. Ba su san da mutum ba, don kafin fis ya tsinke mai shi ya riga ya cika.

Bugu da ƙari, ana ɗaure duk wani ƙarfe na wurin, da tsani da famfo da gurbin fitila, da wayar tagulla guda, a haɗa da wayar ƙasa, don kada wani ƙarfe ya ɗauki wuta shi kaɗai.

KAFIN A TAƁA KOME

Malam, abu na farko da za ka gaya wa ƙanenka: share tafki daban, gyaran wuta daban. Aikinsa shi ne ya lura, ya fitar da mutane daga ruwa, ya kashe wuta, ya kai rahoto. Buɗe akwati da kwance waya aikin ƙwararren mai gyaran wuta ne. In maigidansa ya matsa, ya ba shi haƙuri cikin ladabi. Albashin wata ba ya sayen rai.

Abu na biyu ya shafe mu ƙwarai a ƙasar nan. Ɗauke wuta ba kashe wuta ba ne. Hukumar NEPA ta zama PHCN a 2005, aka sayar da harkar rarraba wuta ga kamfanoni a 2013, amma babu mai aiko maka da sanarwa kafin wuta ta dawo. A otal kuma akwai janareta, wani yana iya tayar da shi a bayan gida bai san kana riƙe da waya ba. Saboda haka a kashe daga babban makunni, a kulle akwatin, mai aikin ya sa makullin a aljihunsa. In fis ne, ya cire ya riƙe. Sa'an nan a gwada da mita a tabbatar babu wuta. 'Yar testa mai kama da biro ba ta isa shaida ba a wurin da rai ke ciki.

ALAMOMI DA ABIN DA SUKE NUFI

Ruwa ba ya tsami banza. Kowace irin lalacewa tana da inda take nunawa, kuma mai gyara na ƙwarai daga mai sauƙi yake farawa.

In fitilun duka suka mutu lokaci guda, da wuya a ce ƙwayayen ne. A duba daga tushe: bireka, da agogon da ke kunna su da kansa in akwai, da taransifoma. A auna a gani ko 230 na shiga, ko 12 na fita.

In ɗaya ce ta mutu, sauran na ci, to ciwon nata ne ita kaɗai: ko ƙwan ya ƙone, ko mahaɗin wayarta ya yi tsatsa. Mahaɗin yana cikin wani ɗan akwati a bakin tafki, wanda ya kamata ya zauna sama da ruwa, a bushe. Sau da yawa in an buɗe sai a tarar da ruwa ko gidan tururuwa.

In tana ƙyafta ido, irin yadda ta ƙanenka ta fara, yawanci noti ne ya saki, ko tsatsa ta ci mahaɗi, ko kuwa ruwa ya fara shiga kwanso. Wani lokaci wutar ce ke rawa, musamman in janareta ya ɗauki kaya fiye da ƙarfinsa. Hanyar ganewa ita ce a lura: in fitilun harabar ma suna rawa tare da ita, daga injin ne. In ita kaɗai ce, daga ita ne.

In haskenta ya dusashe, a duba kaurin waya da ƙarfin taransifoma. Tsohon ƙwai mai wat 300 a kan bolt 12 yana jan amfa 25, ka ga siririyar waya mai tsawo ba za ta iya da shi ba, sai ta yi zafi, hasken ya ragu. Ƙwayayen zamani da ake kira LED ba sa cin wuta haka, kuma sun fi daɗewa.

In aka hangi ruwa ko raɓa a bayan gilashin, zoben roba ya mutu. Sinadarin tsabtace ruwa da zafin ƙwai su ke busar da shi. Duk ranar da aka buɗe kwanso, sabon zobe ake sawa. Ba a mayar da tsoho, ba a kuma liƙe shi da gam ko leda.

In kuwa na'urar RCD tana faɗuwa da zarar an kunna, to wannan ita ce babbar alama. Ba lalacewa ta yi ba, aikinta take yi, tana gaya maka wuta na tsiyaya. Nan ne mutane ke kashe kansu: a gaji da faɗuwarta, a cire ta, a haɗa waya kai tsaye, fitila ta kama, kowa ya yi murna. Wanda ya yi haka ya kori mai gadi ne don ya dame shi da ihun ɓarawo. A rufe tafkin har sai an gano inda wutar ke fita.

Abu biyu kuma. Tsohuwar fitila ruwa ke sanyaya ta, in an kunna ta a waje gilashin na iya fashewa. Sa'an nan kada a ce tunda bolt 12 ce ba kome. Taransifoma na iya lalacewa, ko a yi kuskuren haɗi, cikakkiyar wuta ta zarce zuwa ruwa. A shekarar 2014, a birnin Mayami na Amurka, wani yaro ɗan shekara 7 ya rasu a tafkin gidansu ta dalilin lalacewar haɗin wutar fitila. A riƙa danna maɓallin gwajin nan aƙalla sau ɗaya a wata. In an danna wuta ba ta ɗauke ba, na'urar ta mutu, sai sabuwa.

IN WUTA TA SHIGA RUWA

Mai wanka zai ji jikinsa na tsatstsafa kamar ana soka masa allurai, ko tsoka ta riƙe. Ya yi magana da ƙarfi, ya juya ya koma inda ya fito, nesa da fitila ko famfo, ya fita ba ta tsanin ƙarfe ba.

Na waje kuma, kada ka faɗa. Mun san abin da wuya, musamman in ɗanka ne. Amma ga abin da ya faru a garin Akyazi na ƙasar Turkiyya a watan Yuni na 2017: wuta ta kama yara uku a tafkin wani wurin wasa, mai kula da wurin da ɗansa suka yi tsalle don ceton su, duka biyar ɗin suka rasu. Abin yi shi ne a ruga a kashe wuta tukuna. Saboda haka kowane ma'aikaci, har mai gadi da mai shara, ya san inda makunnin yake tun kafin ranar. Sa'an nan a miƙa busasshiyar gora ko sandar roba, ba ta ƙarfe ba, a jawo shi.

MU DAWO GIDA

Yanzu ga rabonku, manoma da 'yan kasuwa. Ko a garin da wutar gwamnati ba ta zuwa, akwai janareta, akwai sola, kuma wutarsu ba ta fi ta gwamnati tausayi ba.

Sumo da ake zurawa a rijiya ko burtsatse ɗan'uwan fitilar tafki ne, da wutarsa yake zaune cikin ruwa. Inda ya fi ba da matsala shi ne mahaɗin waya. Naɗi da salatif da leda ba ya hana ruwa. Akwai abin haɗi na musamman mai ƙaro da ake sayarwa, shi za ka ce a sa maka. Kada a ja sumo da wayar wutarsa, a ɗaura masa igiya tasa. In ka taɓa bututu ko kan famfo ka ji ya ɗan fizge ka, kada ka ce ƙaramin abu ne. Kashe, ka kira mai gyara, ka hana yara ɗiban ruwa. Kuma kada kowa ya shiga rijiya sumo na haɗe da wuta.

Mai noman rani da ya ja waya a ƙasa ta ratsa kwali-kwalin albasa ko tumatir, ya ɗaga ta a kan itace. Fartanya na yanka ta, ɓera na ci, ranar ban-ruwa kuma ba takalmi ake shiga. Haka masu wankin babur da mota a bakin rafi: janareta ya zauna a tudu, a busasshen wuri.

Masu famfon sola su sani rana ba ta da makunni. Muddin akwai haske, farantan suna ba da wuta, kuma in an jera su da yawa ƙarfin na iya haura bolt 100 nesa ba kusa ba.

Mata da 'yan makaranta masu dafa ruwa da hita a bokiti: a zare daga bango kafin a sa yatsa a ji ko ya yi zafi. Kada a bar ta da ƙaramin yaro a ɗaki.

In iska ta kayar da wayar wuta cikin ruwan sama, kada a matsa kusa, ko da ana ganin babu wuta. A tsaya daga nesa a kori yara da dabbobi, a sanar da ma'aikatan wuta.

Injin ban-ruwa na fetur kuma, ba a saukar da shi cikin rijiya ko ramin haƙar zinariya don kwashe ruwa mutum na ciki. Hayaƙinsa yana ɗauke da guba marar wari da ke taruwa a rami. In na ciki ya yi shiru, kada na biyu ya bi shi haka kawai. Rijiya ɗaya ta sha cin mutum uku a jere ta wannan hanya.

RUWA KO BA WUTA

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum wajen 300,000 ne ruwa ya ci a duniya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. A wannan shekarar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara don faɗakarwa a kan nutsewa.

Abin da yawancin mutane ba su sani ba shi ne nutsewa ba ta da ihu. Wanda ruwa ke ci ba ya samun numfashin kira. Za ka gan shi a tsaye cikin ruwa, kai a ɗage, baki na shiga yana fita, hannuwa na dannan ruwa kamar mai hawan tsani. Cikin ƙasa da minti ɗaya ya ɓace. Yaran da ke wasa a ruwa surutu suke yi. In ka ji shiru, tashi ka duba.

A otal, ƙanenka ya kula da waɗannan: ruwa ya zama garau yadda ana ganin ƙasan tafki, in ya yi duhu a rufe. A rubuta zurfin kowane gefe. Gora da igiya da abin yin iyo su kasance a rataye kusa. Kada a bar yaro ba babba, kada mai maye ya shiga, kada a yi alkafura a gefen da ba zurfi. Murfin magudanar ƙasan tafki in ya fashe, a kashe famfo, don yana zuƙe gashi ko hannu. Sinadarin kulorin kuma ba a haɗa shi da asid, hayaƙin da ke tashi yana ƙona huhu.

A ƙasar Birnin Gwari tafkunanmu su ne kududdufin bayan gari inda aka ɗebi ƙasar gini, da ramukan masu haƙar zinariya da damina ke cikawa, da madatsar Bagoma, da kogin Mariga da rafukan da ke zuba cikinsa. Ramin haƙa ba shi da gangare, taku ɗaya daga gwiwa sai ruwa ya shanye mutum, gefensa kuma santsi ne. Wanda ya haƙa rami ya gama, ya cike shi ko ya kewaye da ƙaya. Rafin da ka haye da safe a idon sawu, in an yi ruwa a cikin daji yana iya kawowa da yamma ko da ba a yi ɗigo a garinku ba. Ruwa mai gudu da ya kai gwiwa yana kayar da babba, balle mai babur da buhu biyu a baya. Gara ka kwana a tsallake, kasuwa ta ci ba kai, mako mai zuwa za ta sake ci.

A cikin gida, rijiya ta samu murfi mai nauyi da baki mai tsawo. Baho da bokiti da randa a rufe ko a kife. Mai rarrafe yana iya nutsewa a ruwan da bai wuce tsawon yatsa ba. Kuma 'yar shekara bakwai ba ta isa tsaron ƙanenta a bakin ruwa ba. In an ji tsawa, kowa ya fita daga ruwa, a dakata minti 30 bayan tsawar ƙarshe.

In wani ya faɗa, miƙa masa gora ko rawani kana kwance a ƙasa don kada ya jawo ka. In ya yi nisa, jefa masa jarkar da ba kome a ciki, a rufe da murfinta, an ɗaura mata igiya. Jarka mai lita 20 tana riƙe babban mutum a saman ruwa. Shiga ruwa sai wanda ya san aikin, irin su Sarkin Ruwa da masunta, domin mai nutsewa in ya ƙanƙame gwanin iyo, tare suke tafiya.

BAYAN AN FITO DA SHI

A nan ma akwai gyara. Kada a ɗaga shi ƙafa sama, kada a danna cikinsa wai a fitar da ruwa. Ɓata lokaci ne, kuma amai na iya komawa huhu. Iska yake bukata, don ƙwaƙwalwa ta kan fara lalacewa cikin minti huɗu zuwa shida in babu numfashi.

Kwantar da shi rigingine a wuri mai tauri. Ɗaga haɓarsa, ka duba ko ƙirji na motsi. In yana numfashi, juya shi ya kwanta a gefe, a cire jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi. In ba ya yi, toshe hancinsa, ka haɗa bakinka da nasa ka hura sau biyar, kana ganin ƙirjin na tashi. Sa'an nan ɗora hannu bisa hannu a tsakiyar ƙirji, ka danna da ƙarfi sau 30, da saurin kamar sau biyu a daƙiƙa, ka hura sau biyu, ka koma dannawa. Ga yaro hannu ɗaya ya isa, ga jariri yatsu biyu. In ka gaji wani ya karɓa. Kada a tsaya sai ya farfaɗo ko ma'aikacin lafiya ya karɓe shi. Wanda wuta ta ja ma haka ake yi masa, bayan an raba shi da wutar. Ba a binne shi da ƙasa, ba a ɗura masa madara ko manja.

Ko ya tashi ya ce garau yake, a kai shi asibiti, ko na kusa ko babban asibitin Birnin Gwari. Ruwan da ya taɓa huhu yana iya tayar da numfashi bayan sa'o'i, wuta kuma tana iya barin zuciya da rikici. In yana tari, ko numfashi na yi masa wuya, ko barci na fizgarsa, a hanzarta.

To Malam, da fatan mun amsa. Mun sani tsautsayi ba ya wuce ranarsa, amma an umurce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Masu unguwanni da limamai su taimaka da tunatarwa kafin ruwan Agusta ya sauka. Allah ya kiyaye mu da iyalanmu, amin. A ci gaba da aiko da takardu, a rubuta sunan gari sosai yadda zai karantu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.